Ilmin Ji da Hanyar Ƙwarewa a Cikinsa

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya yi wa ɗan Adam, da wuya a sami wadda ake gafala da godiyarta kamar ji, alhali kuwa ta kunne yaro yake ɗaukar harshen mahaifiyarsa, ta nan kuma almajiri yake karɓar karatu daga bakin malaminsa. Fannin da ya keɓanta da auna ji da gyara shi ya kafu ne a Amurka a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojoji suka komo gida ƙarar igwa ta kurmantar da su, har Raymond Carhart, wanda ya yi musu hidima a asibitin soja, ya assasa karatunsa a Jami'ar Northwestern.

A yau a can, wanda ya ƙudurta wannan aiki, bayan digirinsa na farko, galiban sai ya ƙara shekara 4 kafin ya sami shahadar dakta da ake kira AuD, shekarar ƙarshe kuwa a asibiti yake yin ta ƙarƙashin kulawar magabata, sa'an nan ya ci jarrabawa, jiha ta ba shi izini. A cikin wannan mudda zai naƙalci halittar kunne da hukuncin sauti. Zai zaunar da majiyyaci a ɗakin da hayaniya ba ta ratsawa, ya aika masa da amo siriri da kakkaura, shi kuma ya ɗaga hannu duk sa'ad da ya ji. Zai kuma iya auna jariri yana barci, domin a gane illa kafin wata 3, a soma taimako kafin wata 6, tun lokacin koyon magana bai kuɓuce ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 suna bukatar irin wannan taimako, mu kuwa a ƙasarmu, da sanƙarau da ƙyanda suka sha kurmantar mana da yara, muna cikinsu. Lalle akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ilmi farali ne na kifaya, saboda haka muna roƙon jami'o'inmu su buɗe masa ƙofa, mawadata su ɗauki nauyin ɗalibansa, matasa kuma su ɗaura niyyar nemansa.