Faɗowa, tsalle da reto: Yadda ake sa zane ya yi motsi kamar na gaske, da darasi daga gonakin Kura

A duk lokacin da aka shiga kakar siyasa, shafukan Facebook da TikTok kan cika da gajerun bidiyoyi na zane mai motsi: buhun shinkafa ya faɗo daga sama, lambobi su yi tsalle, allon ɗan takara ya riƙa reto a jikin igiya. Matasa ne ke haɗa mafi yawansu, wasu a kwamfuta da After Effects ko Blender, wasu a waya da Alight Motion ko CapCut. Sanin yadda ake wannan aiki yana da amfani ga mai son koyon sana'ar, haka ma ga mai kallo da ba ya son a ruɗe shi da ado.

Yankin noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam wuri ne mai kyau na ɗaukar misali. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ke shayar da gonakin shinkafa, alkama da tumatir a nan, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Wanda zai bayyana wa jama'a asarar da manoma suka tafka a 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir, ko dalilin da ya sa kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya sha rufewa saboda ƙarancin kaya, zai buƙaci kwando, buhu da guga su motsa yadda idon ɗan Kura ya saba gani.

Faɗowa

Bidiyo jerin hotuna ne da ake kira firam, galibi 24, 25 ko 30 a daƙiƙa guda. Mai zane ba ya zana kowanne. Yakan kafa alama a inda abu zai fara da inda zai tsaya, manhaja ta cike tsakani. Matsalar ita ce manhaja kan raba tazarar daidai wa daida, sai tumatir ya sauko da gudu iri ɗaya tun daga sama har ƙasa, kamar ana zura shi da zare.

Abin da ke faɗowa kuwa gudunsa ƙaruwa yake yi da kusan mita 9.8 a kowace daƙiƙa. Galileo, masanin nan na Italiya, ya nuna cewa idan aka raba lokacin faɗuwa kashi-kashi, tazarar kan bi lissafin 1, 3, 5, 7. Don haka firam ɗin farko kan matsu kusa da juna, na ƙarshe su yi nisa. Tumatir da ya suɓuce daga tsayin mita ɗaya zai taɓa ƙasa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, wato kimanin firam 11 idan ana aiki da 25. Daga mita huɗu, lokacin ninki biyu kawai zai yi. A manhaja ana samun wannan ta lanƙwasa layin gudu a allon jadawali, ya tashi a hankali ya ƙare da sauri. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sassauta gudun daf da ƙasa, alhali ƙasa ba ta yi wa abin da ya faɗo sannu.

Buhu mai kilo 50 da tumatir guda, daga tsayi ɗaya, kusan tare za su sauka. Nauyi yana bayyana ne a abin da ya biyo bayan dira.

Tsalle

Ƙwallon roba kan koma sama, amma ba ta kai inda ta fito, kuma kowane tsalle yana rage kaso iri ɗaya na wanda ya gabace shi. Idan ta faɗo daga mita ɗaya ta koma rabin mita, na gaba rubu'i ne. Lokacin da take yi a sama shi ma raguwa yake yi, shi ya sa tsallen ƙarshe-ƙarshe ke zuwa a jejjere da sauri. Wanda ya rage tsayin ya bar lokacin yadda yake, ƙwallonsa za ta yi kamar tana iyo.

Kowane abu da halinsa. Ɗanyen tumatir zai ɗan yi tsalle ya gangara, nunanne zai lotsa ko ya fashe. Buhun shinkafa ba ya tsalle: zai dira, ya baje, ƙura ta tashi. Frank Thomas da Ollie Johnston, tsofaffin masu zane na kamfanin Disney a Amurka, sun tattara ƙa'idoji 12 na wannan fanni a littafinsu na 1981, kuma ta farko ita ce lotsawa da miƙewa. Sharaɗinta shi ne girman abu kada ya canza: in tsayi ya ragu, faɗi ya ƙaru.

Reto

Gugan da ke rataye a jigo, wanda manoman fadama suka daɗe suna ban ruwa da shi kafin zuwan injin, shi ne malamin wannan babi. Tsawon igiya ke yanke saurin lilo, nauyin guga ba ya shiga lissafin. Igiya mai mita ɗaya kan yi kai da komo cikin kusan daƙiƙa biyu, wato firam 50. Mai rubu'in mita kuwa daƙiƙa ɗaya. Lilon kan yi ta raguwa har ya tsaya, amma lokacin kowane zagaye kusan bai canzawa.

Dole a mayar da cibiyar juyawar zanen zuwa inda aka ɗaure igiya, in ba haka ba guga zai riƙa juyawa a kan cikinsa. Sannan ƙasan igiya yakan makara: idan sandar jigo ta tsaya, guga zai wuce gaba kaɗan kafin ya dawo. Jinkirin firam biyu ko uku tsakanin gaɓa da gaɓa ya isa ya kawo wannan.

Hannu ko na'ura

Ana iya tsara duk wannan da hannu, ko a bar wa manhaja. After Effects na karɓar gajerun umarni na JavaScript da ke haifar da tsalle mai raguwa. Blender, wadda kyauta ce, tana da tsarin da ake ba abu nauyi da santsi a sake shi ya faɗi da kansa, abin da ya dace da kwandon tumatir ɗari da ya kife. Sai dai yana cin ƙarfin kwamfuta da wuta, kuma yana da wuyar sarrafawa idan ana son buhu ya dira daidai kan wata kalma ta mai magana. Ga abu ɗaya ko biyu, hannu ya fi.

Inda siyasa ta shigo

Motsi mai kyau yana sa zuciya ta gaskata, kuma a nan haɗarin yake. Idan ana son nuna cewa amfanin gona ya ninka sau biyu, aka ninka tsayi da faɗin hoton buhu, ido zai ga ninki huɗu. In zanen mai kauri ne kamar na Blender, takwas zai gani. Hanyar gaskiya ita ce a jera buhu biyu masu girma ɗaya kusa da guda ɗaya. Haka kuma lambar da ta dira da ƙara da girgiza kan fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da wadda ta shuɗe shiru a gefe, ko da ta biyun ce ke ɗauke da bashi ko asara.

Saboda haka, idan bidiyo ya zo da alƙaluman kuɗin gyaran magudanan ruwa na Kura, ko yawan kadadar da aka ce an shayar a Bunkure, mai kallo ya dakatar da shi ya duba abu uku: daga ina lambar ta fito, ta wace shekara ce, kuma girman hoton ya yi daidai da ita. Mai zane kuma ya rubuta madogararsa a jikin allo, da harafin da za a iya karantawa a waya, ya bar ta tsawon lokacin da ya ba buhun da ya faɗo.