Waken suya a Roni: takin da yake so da irin da damina za ta iya kaiwa

Uwargida, idan kina da gayauna a Roni ko Gwiwa kina shuka waken suya don awarar sayarwa da kunun yara, ki gwada wannan a daminar bana. Idan waken ya fara fure, ki tono gindi ɗaya a hankali, ki kakkaɓe ƙasar. Za ki ga ƙananan ƙulle-ƙulle manne da saiwa. Ki tsaga ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Idan fari ne ko kore, ba ya tsinana komai.

A cikin ƙullen nan wasu ƙwayoyin halitta ke zaune. Suna zuƙo sinadarin naitirojin daga iska su ba shuka, wato abin da ake sayen buhun yuriya dominsa. Sai dai aikin yana cin ƙarfi, kuma ba ya tafiya sai da sinadarin fosfaras, wanda ƙasarmu mai yashi ke ƙarancinsa. Shi ya sa takin Supa, wato SSP, ya fi wa waken suya amfani, a zuba shi lokacin shuka. Wanda ya cika masa yuriya kuwa ya yi asara biyu: ya kashe kuɗi, kuma shukar ta rage yin ƙullen, tunda ta samu a sauƙaƙe.

Sai maganar iri. Cibiyar IITA ta Ibadan, mai reshe a Kano, ta fitar da TGx 1448-2E mai kai kusan wata huɗu, da TGx 1835-10E mai nuna cikin wata uku da 'yan kwanaki. Mai daɗewa ya fi tara naitirojin, ya fi ganye, ya fi barin albarka ga dawa ko geron baɗi. Mai saurin nuna kusan duk abin da ya tara yana tafiya cikin ƙwaya, ya bi buhu zuwa gida.

To amma ruwa a ƙasar Kazaure yakan ɗauke a ƙarshen Satumba, kuma waken da ruwa ya yanke masa yana cika kwanso ba ya yin awara mai auki. A ganina, mai shuka a Yuli ta ɗauki mai sauri, ta sa masa Supa. Karmamin da akuya ta ci kuma, a mayar da kashinta gonar.

Wane iri kike shukawa a garinku, kuma kwana nawa yake yi?