Sanƙarau da Autan Gidanmu

Kowace shekara, in hunturu ya ja jiki, ƙura ta turnuƙe sama, zafin bazara ya kunno kai, ma'aikatan kiwon lafiya na ƙasarmu sukan shiga zullumi, domin lokacin sanƙarau ke nan. Ƙasar Nijar tana tsakiyar yankin da wannan cuta ta fi addaba, wanda ya miƙe tun daga Senegal har Habasha, kamar yadda wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya bayyana a 1963. A shekarar 2015, daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni, an ƙidaya mutum 8,500 da ake zaton sun kamu, 573 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya, kuma birnin Yamai ne ya fi jin jiki. Ɗaya daga cikinsu autan gidanmu ne, yana da shekara 13.

Daga Dogon Dutsi aka kawo mini shi don ya yi lakwal a Yamai. Yaro ne mai sanyin hali, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ga kowa ba. In aka ba shi karan hatsi da tsinke, kafin la'asar ya ƙera mota da direbanta. In ya samu laka sai ya gina shanu da raƙuma, kowanne da sunansa da garin da ya fito. Da dare ƴan uwansa yara sukan kewaye shi ya yi musu tatsuniya, amma ba ya bin ta yadda kakanni suka bari. Tausayin Kura yake ji. In an zo inda Gizo zai cuce ta, sai ya karkata labarin, a samu wata tsohuwa ta ba ta tuwo ta koma gida a ƙoshe. Yaran su yi ta gardama cewa ba haka take ba, shi kuwa ya ce ai yunwa ce ta sa Kura mugunta.

Ran da muka taho da shi, mun ci sa'a muka hangi raƙuman dawa a wajen Kure, kan hanyar Doso. Ya yi shiru yana kallo, can ya ce: "Yaya, ka san abin da ya sa wuyansu ya yi tsawo? Damina suke leƙe, don su riga kowa ganin hadari."

A watan Afrilu na shekarar, cutar ta yi ƙamari har gwamnati ta rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. Wata safiya ya tashi da zazzaɓi, ya nemi wuri mai duhu ya kwanta, ya ce haske ne ke damun idonsa. Bai yi kuka ba, bai ce kansa na ciwo ba sai da aka tambaye shi, domin ba ɗabi'arsa ba ce ya ɗora wa kowa damuwa. Da yamma ya fara amai, muka garzaya da shi gidan likita, aka ɗaura masa ruwa, aka fara allurai. Kwana biyu ya yi. Allah ya jiƙan shi, ya sa mai ceto ne.

To, masu karatu, aikina fassara ne, kuma tun daga lokacin nake jin nauyin kalmar nan, sanƙarau. Hausawa sun raɗa wa cutar suna daga sanƙarewar wuya, kuma sunan ya dace, sai dai yana sa mutane jiran alama guda. Sau da yawa wuya ba ya sanƙarewa sai cutar ta yi nisa, ga jarirai ma yana yiwuwa kada ya sanƙare sam, sai dai maɗiga ta kumbura, jariri ya ƙi nono. Ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da dama ba tare da ta kayar da su ba, tana yaɗuwa ta tari da atishawa. In ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa tana iya kisa cikin awa 24. Cikin waɗanda suka tashi kuwa, kusan ɗaya cikin biyar yakan fita da kurumta ko wata naƙasa. Saboda haka zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da gudun haske a bazara sun isa dalilin zuwa likita, tun ba ma ga yaro mai haƙuri ba, wanda ciwonsa ba ya fitowa bakinsa.

Akwai kuma abin da ya rikita iyaye da yawa a shekarar. Tsakanin 2010 da 2011 an yi wa ƴan shekara 1 zuwa 29 rigakafin MenAfriVac a faɗin ƙasa, autanmu ma an yi masa, kuma allurar ta yi aikinta: nau'in A, wanda ya daɗe yana kwasar rayuka, ya kusa ɓacewa. Amma annobar 2015 ta nau'in C ce, wanda waccan allura ba ta tare shi, ga shi kuma rigakafin da ya dace ya yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. Sai a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata sabuwar allura, Men5CV, mai tare nau'i biyar a tashi ɗaya, wato A, C, W, Y da X, aka fara amfani da ita a 2024. Ya kamata jami'an da ke shela su riƙa faɗa wa iyaye da Hausa wane nau'i allura take tarewa, kada a tsaya ga cewa "rigakafin sanƙarau" kurum.

Kayansa na lakwal mun ba ƴaƴan maƙwabta. Shanun laka kuwa Inna ta ce a kai mata Dogon Dutsi, suna nan cikin wata kwalla a ɗakinta, su goma sha ɗaya, kuma ita kaɗai ta riƙe sunayensu duka.