Shata Ta Maƙale a Tsohuwar Kyamara: Fesa Mai Ba Gyara Ba Ne

Shata ita ce labulen da ke buɗewa cikin ƙiftawar ido domin haske ya sauka kan fim. A kyamarori irin su Canon AE-1, wadda ta fito a 1976, batir da wani ɗan maganaɗisu ne ke riƙe labulen su kuma sake shi a kan lokaci. Shi ya sa idan batirin ya mutu, AE-1 ba ta ko motsi.

Abin takaici, da zarar shata ta cije, sai wasu su ɗauko WD-40 ko man keken ɗinki su ɗura wa kyamarar. Wannan ɓarna ce tsagwaronta. An ƙera labulen ne ya yi aiki a bushe. Mai yana manne faifan shata da juna, yana hawa fuskar maganaɗisu ya hana shi saki, sannan ya malala zuwa madubin cikin kyamarar ya riƙa tara ƙura. Kyamarar da goge-goge kawai take buƙata sai ta koma wadda dole a warware ta ɗungurungum.

Jita-jitar cewa mai yana gyara shata tana da tushe. AE-1 ta yi suna da wata ƙara mai kama da tari, wadda bushewar man wani ɗan giya na madubi ke jawowa. Nan kam mai ne maganin, amma ɗigo ɗaya ne, da bakin allura, a gurbin da ya dace. Daga wannan ɗigon ne aka mayar da feshi maganin kowace cuta. Alhali a Canon EOS 650 ta 1987, wata 'yar roba ce ke narkewa ta shafa baƙin danƙo a faifan shata, kuma gogewa a hankali take so. A Minolta X-700 ta 1981 kuwa, kafasita ce ke mutuwa, fitilun kyamarar su ɗauke, shata ta ƙi tashi. Ina ruwan kafasita da mai? Sai dai a cire ta, a liƙa sabuwa da dalma.

Faɗuwa da laima ma suna kawo nasu lahanin.

Idan shata ta cije, gwajin farko shi ne sabon batir, tare da goge tsatsar mazauninsa da auduga da ɗan sifirit. Bayan haka a cire lens, a buɗe bayan kyamarar babu fim, a fuskanci haske, a danna a kan saurin daƙiƙa ɗaya, sannan a riƙa ƙarawa ana lura ko buɗewar na canzawa. Ba a taɓa labule da yatsa, domin lanƙwasa kaɗan ta isa ta kashe shi. Idan hannun naɗe fim ya cije, ba a murɗa shi da ƙarfi. Giyar ciki ce za ta karye. Kyamarar da za a ajiye a cire mata batir, a nisanta ta daga zafin cikin mota, a kuma riƙa danna shatarta jefi-jefi. Aikin maganaɗisu da dalma na mai gyaran da ya san ƙirar ne, musamman da yake kayan gyaran yawanci daga wata matacciyar kyamara ake ciro su.