Masu Ƙirga Malam-Buɗe-Littafi

 Yau Birtaniya muka nufa.

A can, da zarar sanyin hunturu ya sassauta a watan Afrilu, sai ka ga malamin makaranta da manomi da tsohuwar da ta yi ritaya, kowa da ɗan littafinsa da biro, suna bin gefen gonaki suna ƙirga malam-buɗe-littafi. Ba mai biyansu ko sisi.

Tun 1976 ake wannan aiki bisa tsari. Mutum zai zaɓi hanya guda, ya riƙa bin ta sau ɗaya a mako har zuwa Satumba, lokacin da rana ta fito iska ta lafa, yana rubuta duk wanda ya gifta kusa da shi. Masu bibiyar irin na dare kuwa, akwati suke ajiyewa a bayan gida, da fitila mai haske a kansa, da kwalayen ƙwai a ciki. Ƙwarin su biyo haske su faɗa, su maƙale a ramukan kwalin. Gari na wayewa a buɗe, a duba zanen fikafikansu, a rubuta, a sake su.

To, mene ne amfanin wannan wahala? A 2009 wani nau'i mai launin ruwan lemo, da baƙi da ɗigon fari a bakin fikafikai, wanda masana ke kira Vanessa cardui, ya kwararo Birtaniya har kimanin miliyan 11. An daɗe ana muhawara: sanyi ne ke kashe su, ko komawa suke yi? Rahotanni fiye da 60,000 da jama'a suka aika, haɗe da na'urar rada, su suka raba gardama. Da kaka komawa kudu suke yi, suna tashi sama da mita 500, inda ido ba ya kai wa.

Ina suka nufa? Wajenmu. A 2016 masana biyu daga Basalona, Gerard Talavera da Roger Vila, suka nuna cewa ƙwaron yana ƙetare hamadar Sahara, ya hayayyafa a ƙasashe irin su Chadi da Benin da Senegal bayan damina. 'Ya'ya da jikoki ne ke sake ɗaukar hanyar arewa. Har ma bincike ya nuna cewa idan ciyayi suka yi kyau a yankinmu, yawansu kan ƙaru a Turai.

Ke nan rabin labarin a gonakinmu yake, amma masu rubuta shi a nan ba su da yawa. Don haka ɗalibai da malamai da manoma, idan kun ga malam-buɗe-littafi a kan fure, ku ɗauki hotonsa da waya, ku rubuta rana da wuri, ku ɗora a manhajar iNaturalist, inda masana ke dubawa.