Yadda makaho ke karanta jadawali a intanet

A ce ka wallafa jadawalin farashin hatsi: Gusau, Tsafe da Bungudu a jere ta sama, gero da masara ta gefe. Mai ido kallo ɗaya ya ishe shi. Shi kuwa makaho mai amfani da TalkBack a waya ko NVDA a kwamfuta, gida-gida manhajar ke karanto masa. In tsarin bai yi kyau ba, lambobi kawai zai riƙa ji, bai san na wace kasuwa ba ne, balle na wane hatsi.

Gyaran ba wuya. A HTML, a sa sunayen garuruwa da na hatsi cikin alamar th maimakon td, a ƙara scope don nuna kan layin tsaye ne ko na kwance. Da haka manhajar za ta iya cewa "Tsafe, gero" kafin ta faɗi kuɗin. A sa caption ya bayyana abin da jadawalin ya ƙunsa.

Kar kuma a ɗora hoton jadawali a ce an gama. A wurin manhajar, hoto ba shi da layi, ba shi da gida. Wanda ya ɗauki farashin Tsafe a matsayin na Gusau, aljihunsa ne zai ji a jika.