3.4 Mayar da Zanen Bekta Zuwa Hoton Rasta Marar Nauyi

Hanyoyi biyu ne kwamfuta take bi wajen adana hoto. A zanen bekta, abin da ake adanawa shi ne umarnin yadda za a yi zanen, wato a ja layi daga wuri kaza zuwa wuri kaza, a yi da'ira mai faɗi kaza, a cika ta da jan launi. Wannan tsari ne PostScript na kamfanin Adobe da SVG, wanda ƙungiyar W3C ta amince da shi a 2001, suke bi. Shi kuwa hoton rasta jeri ne na ƙananan ɗigogi da ake kira fiksil, kowanne da launinsa. Ana tilasta wa mai zane ya koma ga rasta ne saboda kafofi da dama, irin su Facebook, ba sa karɓar SVG a matsayin hoto. Abin lura a nan shi ne, yawancin nauyin fayil ana yanke shi ne tun kafin a kai ga matsewa.

3.4.1 Yawan Ɗigogi

Zanen bekta ba shi da tsayayyen girma, don haka sai an fara tsayar da yawan ɗigogin da za a zuba shi a ciki. Alal misali, takardar A4 a kan ɗigo 300 cikin kowane inci tana ɗaukar 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, wato ɗigo 8,699,840. Idan kowane ɗigo ya ci bayit 3 (ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi), fayil ɗin zai haura bayit miliyan 26. In aka rage zuwa ɗigo 150 a inci, nauyin zai koma kashi ɗaya cikin huɗu, domin faɗi da tsawo duk sun ragu da rabi. Ke nan fitar da hoton da za a kalla a fuskar waya da ma'aunin maɗaba'a ɓarnar data ce kawai ga mai saukewa.

3.4.2 Yawan Launuka da Gyaran Gefe

Tambari ko taswira ko jadawali ba kasafai suke wuce 'yan launuka kaɗan ba. Saboda haka ana iya tara launukan a jeri guda, kowane ɗigo ya riƙe lambar launinsa kawai. Launi 256 na buƙatar bayit 1 ga ɗigo, launi 16 rabin bayit, baƙi da fari kuwa bayit 1 ya ishi ɗigo 8.

Sai dai akwai wata matsala. A ɗauki tutar Japan, wadda launi biyu ne kacal, jar da'ira a kan fari. Ɗigogin rasta masu kusurwa huɗu ne, ita kuwa da'ira lanƙwasa ce, don haka gefenta yakan fito kamar haƙoran zarto. Domin ɓoye wannan, manhajar takan duba kowane ɗigo da layin ya ratsa, ta gauraya ja da fari gwargwadon yadda da'irar ta rufe shi. Ido zai ga gefe sumul, amma launi biyu ya zama gommai. Cire wannan gyara gaba ɗaya yana munana ƙananan rubutu, har a kasa bambanta ɗ da d. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar gyaran, sannan a rage launukan zuwa 16 ko 32 da manhaja irin pngquant.

3.4.3 Zaɓen Nau'in Fayil

GIF, wanda kamfanin CompuServe ya fitar a 1987, bai wuce launi 256 ba, kuma yana matsewa da dabarar LZW. A ƙarshen 1994 aka sanar cewa kamfanin Unisys zai riƙa karɓar kuɗin haƙƙin mallakar wannan dabara, abin da ya sa aka ƙirƙiro PNG, wanda aka tabbatar da ƙa'idojinsa a 1996. PNG ba ya zubar da komai daga hoto. Kafin ya matse, yakan tace kowane layi da ɗaya daga cikin hanyoyi biyar, ciki har da wadda take adana bambancin ɗigo da wanda yake samansa. Tutar Nijeriya misali ce mai kyau: tun da ratsinta a tsaye yake, kowane layi daidai yake da na samansa, don haka bayan layin farko sauran duk sifili ne, kuma sifili a jere ba ya cin wuri idan aka matse.

Shi kuwa JPEG na 1992 don hoton kyamara aka tsara shi. Yana yanka hoto gida-gida, ɗigo 8 sau 8, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya kamawa. A wurin da baƙin layi ya haɗu da fari kai tsaye, wannan dabara takan bar datti-datti a kewayen layin, kuma sau da yawa fayil ɗin ya fi na PNG nauyi. Haka kuma ba ya iya barin bayan hoto fayau yadda za a ɗora tambari a kan wani launi. Inda yake da amfani shi ne zanen da launukansa suke narkewa cikin juna ko wanda aka saka hoton kyamara a ciki. A irin wannan ma ana iya amfani da WebP, wanda Google ya fitar a 2010, domin yana da matsewa iri biyu, mai zubarwa da marar zubarwa.